Ni awa 3, ma'aikatana awa 5: ha'inci suke yi min?

Assalamu alaikum Malama. Ina da ɗan ƙaramin kamfanin shara da goge-goge, muna tsaftace gidaje da ƙananan ofisoshi. Ni kaɗai na fara da hannuna, har kwastomomi suka fi ƙarfina na ɗauki mata uku aiki. Tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Gidan da nake gamawa cikin awa 3, sai ɗayarsu ta kwashe awa 5 a ciki, kuma ba lallai ya kai nawa kyau ba. In na tura biyu tare, awa 3 cur suke yi. Ni bisa awa nake biyansu, shi kuwa kwastoma kuɗin gida yake biya, bai san zancen awa ba. Aiki ya ƙaru, amma abin da ke saura a hannuna bai kai na lokacin da nake ni kaɗai ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi musu zuwan bazata, duk a banza. Wata ƙawata ta ce in mayar da su jinga, wata kuma ta ce in sallame su duka in koma ni kaɗai. Don Allah mene ne mafita?

Daga wata mai kamfanin shara

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba. Ko kin sallami waɗannan ukun kin ɗauko wasu ukun, da wuya ki samu wadda za ta riƙa gama gidan nan cikin awa 3. In ma kin dace da ita, ba za ta daɗe a hannunki ba, domin mai irin wannan zafin nama da sanin aiki ba ta jimawa take gane cewa ita ma za ta iya sayen bokiti da mofa ta nemi nata kwastomomin, kamar yadda kika yi. Ciwon kamfaninki yana wurin farashi. Kin yanka wa kwastoma kuɗi da ma'aunin hannunki, ga shi kuma kina biyan albashin hannun wasu. Kin sa kuɗin awa 3, kina fitar da na awa 5, wato ladan aikin kowane gida ya haura abin da kika ƙiyasta da kashi biyu bisa uku. Ribar da kike nema a nan take zurarewa.

Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma awa 2 ba ƙaramin giɓi ba ne. Ya kamata mu buɗe shi mu ga abin da ke ciki, don wani ɓangarensa yana gyaruwa, wani kuma sai dai a saka shi a lissafi a haƙura.

Da farko ina da ɗan shakku a kan awa 3 ɗin nan taki. Ban ce ƙarya kike yi ba. Amma masu sana'a kan tuna ranar da aiki ya fi yi musu gudu, sai ta zauna musu a ka ta zama ma'auni. Ke daga lokacin da kika ɗauki tsintsiya kike fara ƙirga wa kanki, su kuwa daga shigarsu ƙofa zuwa fitarsu kike ƙirga musu, har da jiran a buɗe musu, da haɗa kaya, da zubar da shara. Sannan idan yanzu jefi-jefi kike riƙe mofa, jikinki a huce yake, su kuma kullum a durƙushe suke. Ƙara da wannan, lokacin da kike ke kaɗai, wa yake wanke tsummokara da dare? Wa yake sayen sabulu, ya amsa waya, ya bi bashi? Ke ce, kuma ba ki taɓa rubuta wa kanki waɗannan awannin ba. Ribar da kike tunawa ta wancan lokacin, akwai ladan guminki da yawa a ciki wanda kika kira riba.

Sai babban abu, wanda masu kamfani irin naki ba su cika lura da shi ba: ke kina da izinin tsallakewa, su ba su da shi. Kina leƙa ɗakin baƙi kika ga babu wanda ya kwana a ciki tun zuwanki na baya, sai ki kaɗe ƙura ki ja ƙofa. Kin san matar gidan nan madubi da famfon banɗaki take fara dubawa, ta can kuwa ƙarƙashin kujeru take leƙawa, don haka kin san inda za ki zuba ƙarfi da inda za ki wuce da sauri. In an samu kuskure, ke za ki ba da haƙuri da bakinki, magana ta mutu. Ma'aikaciyarki in ta tsallake ɗaki aka yi ƙorafi, aikinta ne a kan siraɗi. In ta yi sauri ta ture kwalbar turare ko ta fasa wani abin ado, ta san albashinta zai ji a jikinsa. In ta matsar da kayan kan madubi wani abu ya ɓace, ita za a fara kallo, kuma zargin sata ba ya goguwa a wannan sana'a. Saboda haka take ɗaga komai da hannu biyu, ta goge, ta mayar daidai inda yake, ta kuma goge abin da ma bai yi datti ba. Wani kason abin da kike kira rashin sauri, taka-tsantsan ne na wanda ba shi da mai tsaya masa.

Yanzu ki amsa min wannan tsakaninki da Allah. In ɗayarsu ta dage ta gama gidan cikin awa 3 da rabi, me take samu? A tsarinki na yanzu, ta yi asarar kuɗin awa ɗaya da rabi. In kuma ba haka ba, ki ce tunda ta gama da wuri ta wuce wani gidan, ta ƙara gajiya a kan kuɗin yini ɗaya. Ke in kika rage awa guda, taki ce: ko ki huta, ko ki karɓi wani aikin kuɗin ya shiga aljihunki. Kin kafa tsarin da ke hukunta mai sauri, sannan kina faɗa don ba a sauri. Faɗa da lallashi ba sa canza wannan lissafin, zuwan bazata kuma aikinsa yana ƙarewa ne da fitarki daga gidan.

To me za ki yi? Kafin komai, ki auna. Ki ɗauki makonni uku ko huɗu kina rubuta kowane gida, wadda ta je, lokacin shiga da na fita, da ko an yi ƙorafi. Ki riƙa juya su, gida ɗaya ya ga hannun kowacce. Ki faɗa musu abin da kike yi da dalilinsa, cewa farashi kike son gyarawa, kada su ji a bakin wani su ɗauka tarko ne. Abin da kike nema shi ne ki gwada su da junansu, ki cire kanki daga ma'aunin. Idan dukkansu suna yawo a wajen awa 5, to matsalar tana ga tsari da koyarwa. Idan biyu suna awa 4 ɗaya tana awa 6 a gida iri ɗaya, nan ne za a yi maganar mutum.

Na fi zaton ta farkon za ki tarar, don haka bari in daɗe a kan koyarwa. Yawancin masu irin kamfaninki koyarwarsu ita ce “biyo ni ki gani” na kwana biyu. Alhali abin da ke sa ki sauri ya daɗe da komawa cikin hannunki, ke kanki ba ki san kina yinsa ba, balle ki faɗa. A farkon ƙarni na 20 akwai wani ɗan kwangilar gine-gine a Amurka, Frank Gilbreth, da ya tsaya yana kallon yadda magina ke ɗora bulo. Ya ƙirga motsi 18 a kan kowane bulo, ya rage su zuwa kusan 5. Babban abin da ya yi shi ne ya ɗago bulon da kwaɓin zuwa daidai hannun magini, ya daina sunkuyawa yana ɗaukowa daga ƙasa. Bai ce kowa ya ƙara gudu ba, wahalar banza ya cire. A aikin shara ma yawancin lokacin da ke ɓacewa a zirga-zirga yake tafiya: a koma kicin ɗauko tsumma, a dawo an manta buroshi, a share ƙasa sannan a kaɗe saman kabad ƙura ta sake zubowa.

Ki sa ɗaya daga cikinsu ta ɗauke ki a waya kina aikin gida guda daga farko har ƙarshe, ku zauna ku kalla tare. Za ki ga abubuwan da ba ki taɓa furtawa ba. Kayan aiki duka a kwando ɗaya suke bin ki ɗaki-ɗaki. Kina shiga banɗaki kike fesa maganin wanki a masai da tayil, ki bar shi yana cin datti ki je ki yi wani abu, in kin dawo gogewa kaɗan ta isa, ita kuwa tana fesawa take hau dirza da ƙarfin tsiya. Daga sama kike farowa ki sauko ƙasa, busasshen aiki kafin na ruwa. Ɗaki kuma ta gefe ɗaya kike zagaya shi, ba ki komawa inda kika wuce, mofa kuwa daga ƙuryar ɗaki take farawa ta fito bakin ƙofa. Waɗannan duka ana koyar da su. Ki kuma duba kayan da kike ba su. Sau da yawa injin zuƙe ƙura mai ƙarfi yana hannun mai kamfani, tsohon da ke tari shi ake miƙa wa yaran aiki.

Sannan ki ba su wancan izinin da kike da shi, a rubuce. Kowane gida ya samu takardarsa guda: abin da ake yi kowane zuwa, abin da ake yi sau ɗaya a wata, abin da ba a taɓawa sam, da abin da mai gidan ya fi damuwa da shi. Ki faɗa musu ƙarara cewa duk wadda ta bi takardar aka yi ƙorafi, ke za ki amsa. Ki kuma ajiye ƙa'ida a kan fashewar kaya, cewa tsautsayin da aka sanar da ke nan take kamfani ne zai ɗauka. Za ki yi mamakin yadda hannu ke sakewa in tsoro ya ragu. Wani abu kuma: bayan kin gama awo, ki daina yawan juya su. Wadda ta saba da gida ta san inda soket yake da inda ake ajiye kwandon shara, kuma sabon gida kullum ya fi cin lokaci.

Batun tura biyu su yi awa 3 shi ya fi ci miki kuɗi, domin awa 6 kike biya ke nan a gidan da mutum ɗaya ke yi a 5. Wannan ma tsohon abu ne. Wani injiniyan aikin gona ɗan Faransa, Max Ringelmann, ya gwada mutane da jan igiya, ya wallafa a 1913 cewa duk lokacin da aka ƙara yawan masu ja, ƙarfin da kowane ɗaya ke sawa raguwa yake yi. Wani ɓangaren rashin haɗa hannu ne, wani kuma kowa na jingina da ɗan'uwansa. A gida kuwa ga jiran juna: injin ɗaya ne, wannan ba ta iya goge ƙasa sai waccan ta gama kaɗe ƙura, ga hira. In dole sai biyu, ki raba musu tun daga waje, ɗaya ta riƙe aikin ruwa, wato kicin da banɗakuna, ɗaya ta riƙe ɗakuna da falo, kowacce da kayanta, su riƙa musanya don kada ɗaya ta dawwama a masai. Ƙananan gidaje mutum ɗaya ya isa, sai fa inda kike da damuwa a kan tsaron lafiyarta. Wannan kam ya fi ƙarfin lissafin awa, kuma kada ki tura mace ita kaɗai gidan da ba ki yarda da shi ba don ki rage kashe kuɗi.

Yanzu shawarar ƙawarki ta jinga. Tana da gaskiya, amma ba duka ba. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Safelite na Amurka, mai sauya gilasan motoci, ya bar biyan ma'aikata bisa awa ya koma biyansu bisa yawan gilashin da suka ɗora. Masanin tattalin arziki Edward Lazear ya bi bayanan kamfanin, ya wallafa a shekarar 2000 cewa aikin da kowane ma'aikaci ke fitarwa ya ƙaru da kusan kashi 44 cikin ɗari. Kusan rabin ƙarin daga tsofaffin ma'aikata ne da suka ƙara himma, sauran kuma ya zo ne saboda sabon tsarin ya jawo masu sauri ya kuma riƙe su. Abu biyu nake so ki lura da su. Kamfanin ya ajiye wa kowa mafi ƙarancin abin da zai samu ko da aiki bai yi gudu ba, kuma albashin ma'aikatan ya ƙaru, wato an raba amfanin da su. Na biyu, gilashin da aka ɗora ba daidai ba yana tona kansa, kuma an san wanda ya ɗora.

Aikinki ba haka yake ba. Bayan masai, ƙarƙashin gado, saman firiji, duk suna iya yin makonni ba wanda ya duba. Jinga tsurarta tana koya wa mutum ya gyara inda ido ke gani ya bar sauran, kuma ranar da kwastoma ya gano, ba lallai ya kira ki ba, sai dai kawai ki ji shiru. Akwai ma abin da ya fi wannan. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana da mintunan da dole ya zauna a jiƙe a kan abu kafin ya yi aiki, kuma a jikin robarsa ake rubutawa. Mai gaggawa fesawa take ta goge nan take, wuri ya yi ƙyalli amma ba a kashe komai ba. Mai gaggawa ce kuma ke haɗa magunguna biyu don su fi ƙarfi. Bilic in ya haɗu da maganin wanke masai mai asid, iskar kulorin yake fitarwa, in ya haɗu da mai amoniya ma wata iska mai guba ce ke tashi, kuma a rufaffen banɗaki wannan na iya kai mutum asibiti ko ma fiye. Maganin asid a kan dutsen mabul kuwa cinye ƙyallinsa yake yi, gyaran kuma ya fi kuɗin aikin nesa ba kusa ba. Sauri ya haifi nawa, in ji masu magana.

Don haka in za ki yi jinga, ki yi mata shinge. Kowane gida ki sa masa lokaci daga abin da kika auna a hannun ma'aikaciya mai kyau bayan an koyar da ita. Mu ce ya kama awa 4. Ki biya kuɗin awa 4 ko ta gama a 3 da rabi, ragowar rabin awar tata ce. In gidan ya zo da datti fiye da kima, kamar bayan taro, ta kira ki tun kafin ta fara a ƙara lokaci, kwastoma kuma ya biya ƙarin. Ki ware wani ɗan ƙari na wata-wata ga wadda ba a yi ƙorafi a gidajenta ba, ke kuma ki riƙa zuwa bayan an gama aiki kina duba wuraren da ido ba ya kaiwa. Ki binciki dokar ƙwadago ta inda kike, domin a ƙasashe da yawa ko jinga ake yi, dole abin da ma'aikaci ya samu ya kai mafi ƙarancin albashi in aka raba shi da awannin da ya yi, wasu wuraren har da lokacin tafiya daga gida zuwa gida. Sai gargaɗi ɗaya da nake so ki riƙe da kyau. Ranar da kika ga sun fara gamawa a awa 3 da rabi, zuciya za ta raya miki ki rage lokacin gidan zuwa haka. Kada ki kuskura. Sau ɗaya za ki yi musu wannan, ba za ki sake ganin saurinsu na gaskiya ba har abada.

Farashi kuwa dole ya motsa. Sababbin kwastomomi ki yanka musu bisa lokacin ma'aikata, ki haɗa da zirga-zirga, da kayan wanki, da ladan naki aikin na tsarawa da dubawa, sannan riba ta hau kai. Tsofaffin ki sanar da su da wuri, ki ba su zaɓi: ko ƙarin kuɗi, ko a rage abin da ake yi a kowane zuwa. Wasu za su tafi. Gidan da kike biyan awa 5 kina karɓar kuɗin 3, tafiyarsa ba asara ba ce.

In bayan an koyar, an ba da takarda, an gyara biya, har yanzu akwai wadda ke baya nesa da 'yan'uwanta, ki zauna da ita ku biyu, ki nuna mata alƙaluman, ki tambaye ta. Wani lokaci ciwon baya ne take ɓoyewa don kada ta rasa aiki, wani lokaci ido ne ba ya gani sosai, wani lokaci kuma ganda ce kawai, don ita ma akwai ta. Ki ba ta wa'adi bayyananne. In bai yiwu ba ku rabu cikin mutunci, ki biya ta haƙƙinta cif. Amma mai nawa wadda kwastomomi ke roƙon a sake turo musu ita, wadda ake bar wa makulli ba fargaba, ki yi tunani sau biyu kafin ki sake ta. Irinta ta fi wuyar samu a kan mai sauri.

Komawa ke kaɗai kuma ba abin kunya ba ne, akwai masu yin haka da gangan, su riƙe 'yan gidaje kaɗan masu biya da kyau. Sai dai ki yi lissafin da idonki a buɗe. Ko a yadda suke yanzu, kowacce tana fitar da kashi 60 cikin ɗari na aikinki, su ukun sun kusa ninka ki biyu. In suka sauko awa 4, sun haura ninki biyu. Ke kaɗai kuwa iyakarki gwiwarki da bayanki, kuma ranar da kika kwanta ciwo babu abin da zai shigo. Ki ba sabon tsarin wata uku, ki rubuta wa kanki albashi a cikin kuɗin da ake kashewa kamar kowace ma'aikaciya, sannan ki duba abin da ya saura a kan kowane gida. In da saura, ki ci gaba. In babu, kuma kwastomominki sun ƙi ɗaukar sabon farashi, sai ki fara da rage gidajen da ba sa biyan kansu, ki ga ma'aikata nawa ragowar za su iya riƙewa.